Wata Huɗu Kafin Na Sa Shuɗi Da Fari

Da na gaya wa Baba a waya cewa ina so in shiga wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai maza a jami'armu, shiru ya yi har na ɗauka layin ne ya yanke. Can sai ya ce, "Abba, ƙungiyar asiri kake nufi?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "Suna da abin da suke ɓoyewa?" Na ce suna da shi. Ya ce, "To, in ba asiri ba, mene ne sunan wannan?"

Ban ga laifinsa ba. Baba ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da tarihi a makarantun sakandare a Kano, kuma ya san yadda abin ya faro a gida Najeriya. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a kwalejin jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko. Daga baya wasu ƙungiyoyin suka yi ta tsirowa, zance ya koma na adda da gatari da bindiga, har a Yulin 1999 aka kashe ɗalibai biyar a Ife cikin dare ɗaya. Uban da ya san wannan, ya kuma sayar da fili ya tura ɗansa karatun injiniya a Amurka, dole gabansa ya faɗi.

Ni kuwa abin da na gani da idona daban ne. Makarantarmu tana jihar Karolina ta Arewa, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa wa baƙar fata tun zamanin da ba a yarda su zauna aji ɗaya da farare ba. A tsakiyarta akwai wani fili da kowa ke bi, kuma kowace ƙungiya tana da ɗan kusurwarta a ciki: benci, dutse da itace, an shafe su da launinta. Wanda ba ɗan ƙungiyar ba ba ya taka wurin sai an gayyace shi. Babu ɗan sanda mai tsaro, babu shinge, amma kowa ya san iyakarsa. Kusurwar masu shuɗi da fari ita ce ta Phi Beta Sigma.

A watan Nuwamban shekarata ta farko sanyi ya kama ni ba shiri. Rigar sanyin da na zo da ita daga Kantin Kwari ta hunturun Kano ce, ba ta wannan ƙasar ba. Wata ranar Juma'a ina tsaye a tashar bas ina rawar ɗari, ina neman zuwa masallaci, sai wani ɗalibi mai hula shuɗiya ya tsayar da motarsa ya tambaye ni inda za ni. Kirista ne, ɗan mai wa'azi a coci. Ya kai ni har ƙofar masallaci, ya buɗe bayan mota ya zaro kwat daga cikin tarin da ƙungiyarsu ta haɗa don rabawa mabukata, ya miƙo mini. Juma'a ta zagayo, na same shi a tashar yana jira na. Haka ya yi ta yi har na gama wannan zangon karatu, kuma ko sau ɗaya bai ce mini in shiga ƙungiyarsu ba.

Wannan shi ne abu na farko da mai sha'awa yake koya: ba a tallata niyya. Ba ka zagaya kana cewa ni zan zama ɗan kaza. Ba ka sa launinsu, ba ka yin alamar hannunsu, ba ka kwaikwayon kirarinsu. Sai dai ka riƙa zuwa tarukansu na jama'a, ka ba da hannu a aikin gayya, su san fuskarka, su ga halinka. Shekara guda cur na yi a haka. Na raba abinci a unguwar talakawa, na koyar da yara lissafi ranar Asabar, na zauna a teburin rajistar masu zaɓe ina cike wa mutane fom, duk da ni baƙo ne, ba ni da ƙuri'a a ƙasar.

A Janairun 2023 aka manna sanarwar taron bayani. Muka je cikin kwat da lakataye, mu kusan talatin, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa, don ba wanda ya san wane ne kuma yake da irin niyyarsa. Wani dattijo daga reshen manya, wato waɗanda suka gama makaranta suke kula da reshen ɗalibai, ya tashi ya karanta mana sharuɗɗa. Makin karatu ya kai mizanin da aka gindaya. Takardar sakamako daga ofishin makaranta. Wasiƙun shaida daga mutanen da suka san ka. Hujjar aikin al'umma da ka yi. Sannan ya ɗaga wata takarda ya ce wannan ta fi duk sauran, kowa sai ya sa mata hannu: ba za a dake ka ba, ba za ka yarda a dake ka ba, kuma in wani ya gwada, ga inda za ka kai ƙara.

Takardar nan tana da tarihi mai ɗaci. Shekaru da dama a Amurka, a ƙungiyoyin farare da na baƙaƙe baki ɗaya, shiga ta kan zo da azabtarwa: duka da katako, hana barci, ɗura wa yaro giya har ya fita hayyacinsa. An yi asarar rayuka. Bayan mutuwar wani ɗalibi a Atlanta a 1989, manyan ƙungiyoyin baƙar fata suka haɗu a 1990 suka soke tsohon tsarin, suka kawo na yanzu, mai takardu da darussa da jarrabawa. Amma ba zan yaudari kowa ba, al'adar ba ta mutu a ƙasar ba, har yanzu ana jin labarin yaran da suka rasu a ɓoye, shi ya sa a ƙarshen 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Mu dai a namu layin ba wanda ya ɗaga mana hannu. Da an ɗaga, da na fita a daren, kuma duk ƙanena da zai zo ƙasar nan abin da zan gaya masa ke nan.

Hirar tantancewa ba ta wuce minti ashirin ba. Mutum biyar a bayan tebur, ni kaɗai a kujera. Suka tambaye ni me ya sa su, ba wata ƙungiyar ba, sai na ba su labarin kwat da masallaci. Dattijon ya ce, "Wannan abin da aka yi maka ne. Kai me za ka yi?" Na ce akwai yara 'yan gudun hijira daga Sudan da Kongo a garin da ba su da mai taimaka musu da aikin gida, zan ɗauki nauyin wannan. Ya rubuta, bai ce komai ba. Kuɗin shiga ma ba wasa ba ne. Bizar ɗalibi awa ashirin kawai ta yarda ka yi aiki a mako, a cikin makaranta, kuma da wankin faranti a ɗakin cin abinci na tara nawa, wata bakwai ina ajiyewa.

Kafin in biya, na je wurin limaminmu. Baƙar fatar Amurka ne, tsoho, ya musulunta tun shekarun 1970. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ga abin da ke damuna." Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in je wurin manyan ƙungiyar da tambaya uku. Za a sa ka yi sujada ko ruku'u ga wani abu? Za a sa ka rantse da wanin Allah? Za a wajabta maka ka kare ɗan'uwanka ko da shi ne azzalumi? Ya ce in amsar ko ɗaya ta zama e, to ka bar su. Ya kuma tuna mini da Hilful Fudul, yarjejeniyar da mutanen Makka suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an don tsaya wa wanda aka zalunta, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta kafin aike, ya kuma yaba mata bayan zuwan Musulunci. Na je na yi tambayoyin nan uku ido da ido. Aka ce mini a'a, a'a, a'a, kuma akwai Musulmi a cikinsu tun da daɗewa. Na mayar wa Baba da wannan duka. Ya ce, "Ban ce na yarda ba, ban kuma hana ka ba. Amma duk abin da aka koya maka wanda ba sirri ba ne, ka kira ni ka faɗa mini." Hajiyarmu da ke gefe ta karɓi wayar ta ce, "Kai dai ka riƙe salla."

Mu bakwai aka ɗauka. Ana jera mutane bisa tsawo, mafi gajarta shi ne lamba ɗaya, mafi tsawo shi ne wutsiya. Ni ne na huɗu. Daga ranar mun zama 'yan layi ɗaya, kuma wannan lambar ita ce taka har ka mutu. In ka haɗu da wani ɗan ƙungiyar a ko'ina, tambayar farko ita ce wane reshe, wace shekara, wace lamba.

Sai darussa. Na yi tsammanin wahalar a jiki take, ashe a ƙwaƙwalwa take. An fara da baƙaƙen Girka guda 24, daga alfa zuwa omega, sai ka iya su gaba da baya. Dalilin amfani da su ya samo asali ne tun 1776, lokacin da ɗalibai a kwalejin William da Mary ta jihar Bajiniya suka kafa Phi Beta Kappa, suka ɗauki baƙaƙen farko na takensu na Girkanci suka yi suna da su. Cikin fiye da shekara ɗari da suka biyo baya ƙungiyoyi suka yi ta yaɗuwa, ƙofofinsu kuwa a rufe ga baƙar fata. Sai a 1906 ɗalibai bakwai a jami'ar Cornell suka kafa Alpha Phi Alpha, daga nan saura suka biyo baya har suka cika tara, biyar na maza huɗu na mata, waɗanda ake haɗa su a kira su da suna ɗaya.

Tamu an kafa ta ranar 9 ga Janairu, 1914, a jami'ar Howard da ke Washintan. Da na faɗa wa Baba wannan kwanan watan, sai na ji muryarsa ta canza, malamin tarihi ya farka. Ya ce, "Kwana takwas ke nan bayan Lugga ya haɗe Kudu da Arewa." Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ya sa na ba shi labarin tiryan-tiryan. Mutum uku ne: A. Langston Taylor ɗan Memphis, wanda shi ya fara kawo shawarar, da Leonard F. Morse, da Charles I. Brown. Suka zaɓo abokan karatunsu tara, suka zauna a wani ɗaki a ginin ƙungiyar samarin Kirista, YMCA, na Titi na 12, suka ƙulla abin. A lokacin gwamnatin Woodrow Wilson tana cikin raba ma'aikatan gwamnatin tarayya gida biyu a wannan birnin, baƙi daban fari daban. Su kuma 'yan bokon baƙar fata na lokacin, wasunsu sun fara ware kansu daga talakawansu, ana duba hasken fata da gidan da mutum ya fito. Su Taylor suka ce tasu ƙungiyar za ta zama ɓangare na jama'a, ba za ta tsaya gefe tana kallonsu ba, kuma ba za a auna mutum da launinsa, ko gashinsa, ko dukiyar ubansa ba. Takenmu ma'anarsa ke nan: ilimi da wayewa don hidima, hidima kuma don 'yan Adam. Ginshiƙai uku ne, 'yan'uwantaka, karatu da hidima. Alamarmu kurciya. Mujallar ƙungiya sunanta The Crescent, wato jinjirin wata, kuma da na ga sunan a karon farko sai na ji kamar an yi mini maraba da wani abu na gida. A Janairun 1920 mata biyar suka kafa Zeta Phi Beta a Howard ɗin da taimakon 'yan Sigma, kuma har yau ƙungiyoyin biyu a ɗaure suke da juna a tsarin mulkinsu, launi ɗaya, wa da ƙanwa.

Duk wannan sai ka haddace shi, kuma ba kai kaɗai ba. Ana tambayar layi gaba ɗaya, a amsa da murya ɗaya. In mutum ɗaya ya yi tuntuɓe, bakwai ne suka faɗi. A nan makarantar allo ta yi mini rana. Na nuna musu yadda muke yi a gaban malam: a yanka karatu gaɓa-gaɓa, a ɗora masa ƙira, a yi ta biyawa da ƙarfi, gobe da asuba a yi tilawar na jiya kafin a ɗora sabo. Lamba biyu, wanda sunaye ba sa zama masa a ka, cikin mako guda ya koma shi ne mai ja mana baƙi.

Sunayen magabata ne suka fi yawa. George Washington Carver na Tuskegee, masanin noma da ya ja hankalin manoman kudu su shuka gyaɗa don ƙasar da auduga ta tsotse ta farfaɗo. Ni da na tashi da labarin dalar gyaɗa, wannan sunan bai ba ni wahala ba. Alain Locke, baƙar fata na farko da ya sami tallafin karatu na Rhodes a 1907. James Weldon Johnson, marubuci kuma jigo a NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata. A. Philip Randolph, wanda ya haɗa kan ma'aikatan jirgin ƙasa a 1925, ya kuma jagoranci gangamin Washintan na 1963. John Lewis, da aka fasa masa kai a gadar Selma wajen tattakin neman 'yancin zaɓe a Maris na 1965, ya rayu ya yi fiye da shekara talatin a majalisa, ya rasu a 2020. Sai kuma na ga sunaye uku da suka sa na ajiye biro: Kwame Nkrumah na Gana, William Tolbert na Laberiya, da Nnamdi Azikiwe. Zik ya tafi Amurka a 1925, ya yi karatu a jami'o'in Howard da Lincoln, shi ma Nkrumah a Lincoln ya yi. Na gaya wa 'yan layina cewa mutumin nan a Zungeru aka haife shi a 1904, a Arewa, kuma yana yaro harshena yake yi. Suka ce in maimaita sunan garin. Na maimaita. Suka yi ta juya shi a baki.

Amma daren da ya fi tsaya mini a rai, daren labarin Charles I. Brown ne. Ɗaya daga cikin ukun da suka kafa ƙungiyar, daga 1924 labarinsa ya yanke. Shekara da shekaru 'yan ƙungiya suna kiran sunansa a kowane taro ba su san inda ya shiga ba, sai a 'yan shekarun nan bincike ya nuna ya rayu har 1981 a birnin Philadelphia. Muna zaune a ƙasa a ɗakin lamba shida, littattafai a baje, kwalin fiza a tsakiya, sai wutsiyarmu, wani dogo mai sanyin magana ɗan jihar Jojiya, ya juyo ya ce mini, "Kai kakanninka nawa ka sani?" Na fara lissafi da yatsu: Baba, mahaifinsa da aka sa mini sunansa, nasa mahaifin mai fataucin goro zuwa Gwanja, na gaba da shi, har na kai bakwai, na faɗi unguwar da kowanne ya zauna. Ban ɗauke shi komai ba, a wurinmu kowace kaka tana iya yi maka wannan tana tsinken zogale. Da na ɗago sai na ga duk sun yi shiru. Wutsiya ya ce shi huɗu ya sani. Na huɗun ya same shi ne a takardar ƙidayar 1870, wadda ita ce ta farko da aka rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Kafin ita, a takardun bayi, shekaru da jinsi da launi kawai ake rubutawa a ƙarƙashin sunan ubangida. Ya ce, "Daga nan bango ne. Ko sunan da nake ɗauke da shi ma na wanda ya mallake mu ne."

Ban iya cewa komai ba. A daren nan na gane abin da ya sa suke riƙe da sunaye da kwanan wata kamar ransu, abin da ya sa tsoho mai shekara tamanin zai tuƙo mota awa biyar don ya ga an yaye yara bakwai da bai taɓa gani ba. Mutanen da aka tsinke musu salsala ne suka zauna suka ƙulla wata da hannunsu. Kowane ɗan ƙungiya ya san wanda ya shigo da shi, da wanda ya shigo da wancan, a bi a bi har ɗakin nan na Titi na 12. Da na ba Baba wannan labarin, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Wataƙila ma daga wajenmu aka kwashi nasa." Ya tambaye ni sunan yaron. Na faɗa masa.

Muka yi jarrabawa a rubuce, duk muka ci. Bikin shigarwa kuwa na yi alkawari ba zan faɗi abin da ke cikinsa ba, kuma zan cika. Abin da na gaya wa Baba shi zan gaya wa kowa: da alwalata na shiga, da ita na fito, goshina bai taɓa ƙasa don kowa ba, ban kuma rantse da wanin Allah ba. Su suna kiran wannan mataki da ƙetare yashi mai ƙuna. Akwai waɗanda daga baya suke sa a yi musu lalas da ƙarfe mai zafi a dantse, a zana harafin Sigma. Ra'ayin kansu ne, ƙungiya ba ta umarci kowa da shi ba. Ni na ce ba zan yi ba, ba wanda ya sake tayar mini da zancen. Haka batun giya a wuraren shagali: an san ba na sha, sai na zama mai tuƙa mutane gida.

Saura fitowa fili, wato ranar da za a nuna wa makaranta sababbin 'yan ƙungiya. Shirinta ya faɗo cikin azumi, wanda ya kama ranar 23 ga Maris a shekarar. Rawar taku ce ginshiƙin abin: ba ganga, ba kiɗa, jikinka ne kayan kiɗan. Ka buga ƙafa, ka tafa, ka doki cinya da ƙirji, mutum bakwai su fitar da sauti kamar na mutum ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan koroso zai gane inda jinin abin yake. Muna atisaye a hawa na uku na wurin ajiye motoci, inda siminti ke mayar da amo. Ranar farko da yamma muka yi, ina cikin taku na ga duhu-duhu, na durƙusa. Ban gaya musu ina azumi ba don kada a ce na kawo uzuri. Da suka gane, lamba ɗaya ya yi fushi sosai, ya ce me ya sa zan ɓoye musu, layi ɗaya ne ko ba layi ɗaya ba? Aka mayar da atisaye bayan tarawi, sha ɗaya na dare zuwa ɗaya, alhali duk suna da lacca da safe. Ranar Alhamis ta ƙarshe su shida suka ɗauki azumi tare da ni, ba da sanina ba. Wajen ƙarfe takwas saura suka zo da dabino da ruwa, leɓunansu a bushe, wutsiya yana duba agogon wayarsa yana tambayata, "Yanzu? Yanzu?" Na ce saura minti biyu. Muka tsaya a jere bisa lamba muna kallon rana tana faɗuwa bayan ginin laburare.

Daren fitowa filin ya cika maƙil. Muka shigo a jere, kowa ya dafa na gabansa, fuskoki a rufe, takalma iri ɗaya, kaya iri ɗaya. Ba wanda ya san su wane ne a ciki, mutane sai hasashe suke ta tsawo da tafiya. Muka gaishe da manyanmu, muka gaishe da 'yan'uwanmu mata na Zeta, muka gaishe da sauran ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya, don ba a tsallake kowa. Muka karanto baƙaƙen Girka da numfashi ɗaya, muka kira sunayen Taylor da Morse da Brown, muka kawo tarihi daga 1914. Sannan aka fara buɗe fuskoki daga lamba ɗaya. Kowa in aka zo kansa, iyayensa da danginsa sai su ɓarke da ihu. Na riga na shirya wa zuciyata cewa nawa zai zo da shiru, don nawa suna Kano, a lokacin ma ƙarfe biyun dare ne a can. Na matsa gaba, na yi sallama da Hausa da iyakar muryata, na faɗi sunana da na ubana da na kakana, na cire abin rufe fuska. Sai na ji guɗa. Matan Sudan ne, iyayen yaran da nake koya wa lissafi, sun zo da limaminmu a mota biyu, suna tsaye can baya. Wanda ya fara kai ni masallaci shi ya gayyato su. Shi ne kuma ya sa mini jaket ɗina, shuɗi da fari, da lamba 4 a baya, a samanta an ɗinka laƙabin da layi ya zaɓa mini: Zungeru.

Washegari da ƙarfe tara na safe muna unguwa muna kwasar shara, da ciwon ƙafa da dusasshiyar murya. Tun daga nan aikin bai tsaya ba: taron reshe, kuɗin shekara, shirin ƙarfafa kasuwancin baƙar fata da ƙungiyar ta faro tun shekarun 1920, kulab ɗin samari 'yan sakandare da muke yi wa jagora, da ajin yaran nan da na yi alkawari a gaban tebur, wanda yanzu mu huɗu ke ɗauka. Kowace ranar 9 ga Janairu mukan sa shuɗi mu taru a kusurwarmu ta fili, tsofaffi da yara, a riƙe hannu a zagaye a rera waƙar ƙungiya.

Na tura wa Baba hoton jaket ɗin da safiyar salla. Bai ce ya yarda ba, har yau ma bai furta wannan kalmar ba. Ya dai kira ni bayan an sauko daga idi, ya yi mini barka da salla, ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi. Sannan ya ce, "Ina ɗan'uwan naka dogon nan, mai neman kakanninsa?" Na ce yana nan lafiya, Baba. Ya ce, "In ya sami hutu ka zo mini da shi Kano. Zan kai shi Kurmi ya ga inda a da ake tsayar da bayi, in kai shi Gidan Makama, sannan ya zo gida ya ci tuwo." Wutsiya ya riga ya yi fasfo. Muna tara kuɗin jirgi, mu bakwai, a asusu ɗaya.